GIDA DA LAFIYA: Hawa tsani a inda ƙasa ba ta daidaita ba

Da zarar watan Mayu ya raba tsakiya, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai tsani ya zama abin da ake nema gida-gida. Mai soron ƙasa yana son ya yi yaɓe, ya buɗe indararon da ƙura da ledoji suka toshe. Mai rufin tol yana son ya bi ƙusoshin da iska ta sassauta. Mai farantin hasken rana kuma yana son ya goge ƙurar da ta kwanta a kansa tun hunturu. Tun bayan damanar 2024, wadda ta rusa ɗimbin gidaje a jihar Maraɗi, ta kuma kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram a watan Satumba, ba maigidan da ke wasa da gyaran rufi. Wannan hankali ne. Sai dai gyaran da ake yi domin kare iyali shi ne kuma yakan kai maigida gadon asibiti, muddin aka hau tsani yadda aka saba hawansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa faɗuwa tana halaka mutane kimanin 684,000 a kowace shekara, wato ita ce ta biyu bayan haɗarin hanya a cikin haɗurran da ke kashe mutane ba da gangan ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace suna faruwa ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne abin ya fi yi wa ɓarna. Ba duka ne daga kan tsani ba, amma tsani yana da rabonsa a ciki.

Dalilin da ya sa ake raina wannan haɗari shi ne gajartar tsayin. Mutum yakan dubi katangarsa ya ce ai mita 3 ce kawai. To, wanda ya faɗo daga mita 3 yana isa ƙasa ne da gudun da ya kusa kilomita 28 a awa, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Daga mita 4 gudun ya kai kilomita 32. Duk wanda ya taɓa ganin mai babur ya kara wa bango a irin wannan gudu ya san abin da ake nufi. A cikin wannan ɗan lokaci ba wanda ke iya zaɓen gefen da zai sauka a kai. Diddige, wuyan hannu, ƙugu, ƙashin baya da kai, su ne suka fi shan wahala.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ranar Asabar ce, ma'aikaci ba ya zuwa biro, ko kuma ɗan kasuwa ya dawo gida da la'asar. Ampul ɗin da ke saman matakala ya mutu. Sai a aiki yaro maƙwabta ya aro tsani. Aka kafa shi, ƙafa ɗaya a kan wannan matakin, ɗaya tana lilo, sai aka cusa mata bulo da wani guntun katako. Uwargida ta ce: "Maigida, ka bari mana a kira mai gyara gobe." Shi kuma ya ce: "Hajiya, aikin minti biyu ne za a biya wa kuɗi?" Ya tattare riga ya hau da silifa, ampul a hannu ɗaya. Sau tara za a yi haka a sauka lafiya, shi ya sa ba a daina ba. Na goma shi ne wanda ke rufe shago wata uku.

TSANIN KANSA

Kafin maganar ƙasa sai an fara duba tsanin. Yawancin waɗanda ke yawo a unguwanni na katako ne, kafinta ya buga matakan da ƙusa a jikin sanduna biyu. Nauyin mutum duka yana kan waɗannan ƙusoshi, kuma zafin rani yana busar da katako har ya tsage daidai inda ƙusar ta shiga. Tsanin kirki shi ne wanda aka sassaƙa wa kowane mataki gurbi a jikin sanda, ya zauna a ciki, sannan aka ɗaure shi da ƙusa ko noti. Sai kuma gara. Tsanin da ya kwana wata da watanni a jingine bayan ɗaki, ƙafafunsa a cikin ƙasa, yakan zama kwanso: waje lafiya, ciki gari. A ƙwanƙwasa shi, a soka masa tsinin wuƙa a ƙafafu da mahaɗai. Kada a shafa wa tsanin katako fenti mai kauri, domin fenti yana ɓoye tsaga.

Na ƙarfe da masu walda ke haɗawa yana da ƙarfi, amma tsatsa tana cinsa daga cikin bututu, walda kuma tana iya sakewa ba tare da ta nuna ba. Na alminiyom da ake shigowa da shi, idan yana ɗauke da alamar EN 131, an gwada shi ne a kan nauyin kilo 150, wato mutum da kayan da ke hannunsa gaba ɗaya. Robar da ke ƙafafunsa ita ce ransa. In ta cinye ko ta faɗi, to a kan siminti ko karo ƙarfen zai zame kamar an zuba masa mai. Tsani mai mataki ɗaya karyayye ba na hawa ba ne, ko da an yi niyyar tsallake wurin, domin a lokacin sauka ƙafa ba ta gani.

ƊAYA BISA HUƊU

Ƙa'idar jingina tsani ba ta da wuyar riƙewa: kowace mita 4 ta tsayi, a janye gindin tsanin mita 1 daga bango. In katangar mita 3 ce, santimita 75 ke nan. Idan gindin ya matso bango fiye da haka, tsanin zai kife da mutum ta baya. Idan ya yi nisa, ƙafafun za su sulale. Wanda ba shi da awo a kusa sai ya tsaya, yatsun ƙafarsa suna taɓa gindin tsanin, ya miƙa hannayensa sak a gabansa. In tafukansa sun kama matakin da ke daidai kafaɗarsa ba tare da ya sunkuya ba, to jinginar ta yi.

Wanda zai hau rufi yana bukatar tsanin da ya zarce bakin rufin da mita 1, domin ya sami abin kamawa lokacin da zai taka sama da lokacin da zai juyo. Saboda haka katangar mita 3 tana son tsani mai mita 4 da ƴan kai. Da yawa daga cikin faɗuwa a daidai wannan wuri take aukuwa, lokacin da mutum yake laluben mataki da ƙafa, cikinsa a kan bakin soro. Har ila yau a duba abin da kan tsanin ya jingina da shi. Indararo, gilashin taga, bakin tol, da rawanin soron ƙasa da ruwa ya jiƙa, duk ba abin dogaro ba ne. In da hali a ɗaure kan tsanin da igiya a jikin azara ko ƙarfen taga, a ɗaure sandunan biyu, ba mataki ba.

RAIRAYI, DUTSE DA GANGARE

Tsakar gida a ƙasar nan ba kasafai take shimfiɗe ba. A Maraɗi rairayi ne, ƙafar tsani tana nutsewa a hankali bayan mutum ya riga ya hau. A tsoffin unguwannin Damagaram gidaje suna zaune ne a tsakanin duwatsu. A Tawa da sauran ƙasar Adar tsakuwa ce da gangare. A Yamai kuwa jar ƙasa ce mai tauri da rani, mai santsi da damana. Ga kuma gangaren da magina ke yi da gangan a gindin bango domin ruwa ya gudu.

Ƙaramin bambanci a ƙasa babba ne a sama, kuma lissafin a fili yake. Faɗin tsani kimanin santimita 40 ne. Idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nutsewa da santimita 5, wato faɗin yatsu uku, to kan tsani mai mita 4 zai karkace da santimita 50. Rabin mita ke nan, ya fi faɗin tsanin kansa. Nauyin mutumin da ke sama ya riga ya fita daga tsakanin ƙafafun biyu, abin da ya rage kawai shi ne ya motsa.

Abin da kowa ke yi shi ne ya cusa dutse ko bulo a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza. Wannan shi ne babban kuskure. Bulo yana fashewa, dutse yana mirginawa, katakon da aka jera a kan juna yana zamewa. Maimakon a ɗaga gefen da ya yi ƙasa, sai a haƙe gefen da ya yi sama har ƙafafun biyu su zauna daidai a kan ƙasa mai tauri. Aikin fartanya ne na ɗan lokaci. A kan rairayi ko ƙasa mai danshi, a share wurin, a shimfiɗa katako guda mai faɗi da kauri wanda zai ɗauki ƙafafun biyu tare, a buga masa wani ɗan katako a bayansu ya zama tokare, sannan a kafa turaku biyu a ƙasa domin kada shimfiɗar ta ja baya. Matakan tsani su kasance a kwance sosai. Wanda ba shi da ma'aunin magina sai ya kwantar da kwalba mai ruwa a kan mataki ya dubi inda kumfar iskar ta tsaya. Bayan haka a hau mataki na farko a ɗan jijjiga da nauyin jiki, a sauko a sake dubawa. Ba a ɗora tsani a kan tebur, ganga, amalanke ko bayan mota domin a ƙara masa tsawo.

A kan karo da siminti mai sulɓi matsalar dabam ce. Ƙasar a daidaice take, amma ƙurar da ke kanta tana aiki kamar garin sabulu. A share, a goge, a bari ya bushe. Kada a kafa tsani a kan tabarma ko darduma. In ƙofa tana kusa, a kulle ta a zare makulli, ko a tsayar da wani a bakinta.

MATAKALA

Gidajen bene suna ƙaruwa a manyan garuruwa, kuma saman matakala shi ne wuri mafi wuyar kaiwa a cikin gida: rufin ya yi nisa, ƙasan kuma hawa-hawa ne. Tsayin kowane mataki kimanin santimita 17 ne. Idan santimita 5 ta isa ta karkatar da tsani rabin mita, mai karatu zai iya auna abin da 17 za ta yi. Ga shi kuma wanda ya faɗo a nan ba a wuri ɗaya zai tsaya ba, zai gangara yana bugun bakin kowane mataki. Tsani mai buɗewa biyu, irin wanda ke tsayawa da ƙafa huɗu, ba a kafa shi a matakala ko kaɗan, sai fa idan an ƙera shi domin haka.

Hanya mafi sauƙi ita ce a guje wa hawan. Yanar gizo-gizo da ƙura, doguwar gora da tsintsiya a kai ta isa. Fenti ana shafa shi da abin gungurawa mai dogon hannu. Ampul ɗin da ke yawan mutuwa a sauya shi da irin na LED mai daɗewa, ko kuma a sa mai aikin kuran ya sauko da mazauninsa jikin bango inda hannu ke kaiwa.

Idan hawa ya zama dole, akwai tsani mai gaɓoɓi wanda ake gajarta gefe ɗaya a tsawaita ɗaya, kowane ya zauna a matakinsa. Mai amfani da shi ya tabbata kowace gaɓa ta kulle, kowace ƙafa kuma ta zauna a tsakiyar mataki, ba a baki ba. Masu fenti suna da tasu dabarar. Sukan kafa dogon tsani a kan mataki, ƙafafunsa a tokare da jikin matakin da ke bayansa, kansa a jingine da bangon da ke fuskantar matakalar. A can sama, inda matakala ta ƙare, sai su kafa gajeren tsani mai ƙafa huɗu. Tsakanin biyun sai a gitta katako mai kaurin santimita 4, a kwance daidai, a ɗaure shi da igiya a kowane gefe. In tazarar ta wuce mita ɗaya da rabi sai a ninka katakon biyu. Wannan aikin mutum biyu ne, kuma wanda bai taɓa ganin an yi ba, ya fi masa ya kira wanda ya iya. Muddin ana aiki, a hana kowa bin matakalar, musamman yara.

A BISA TSANI

Hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya: a kowane lokaci gaɓa uku su kasance a jikin tsani. Fuska tana kallon matakai a hawa da sauka. Cibiya kada ta fita daga tsakanin sandunan biyu. In hannu bai kai ba, a sauko a gusar da tsanin, domin sauri ya haifi nawa. Matakai uku na ƙarshe na dogon tsani na kamawa ne, ba na takawa ba. Guduma da ƙusa a sa su a jaka a rataya, bokitin yaɓe ko na ruwa kuma a jawo shi da igiya bayan an isa sama. Babbar riga da zane da silifa ba kayan hawa ba ne. Wando da taguwa da takalmi mai riƙe diddige su ne daidai. Wayar salula ta zauna a ƙasa.

Mai riƙe tsani ya zama babban mutum, ya taka matakin ƙasa da ƙafa, ya kama sandunan biyu, idonsa a sama. Yaro ɗan shekara 10 ba ya tare nauyin ubansa, sai dai a faɗo masa a ka. Ko babban ma, in tsanin ya yi tsawo sosai, ba ya iya hana shi karkacewa, shi ya sa ɗauri ya fi riƙo.

Wayoyin kuran suna bi ta saman katangu da yawa. Wutar gida mai ƙarfin volt 220 tana kisa, kuma ko ba ta kashe ba tana wurgo mutum daga sama. Tsanin ƙarfe da na alminiyom suna ɗaukar wuta, jiƙaƙƙen katako ma haka. A ɗauki tsani a kwance idan za a gusar da shi, a ɗaga kai a duba kafin a miƙar da shi. Wanda zai taɓa ampul ko fanka ya kashe wutar daga babban makunni na gida. Ba a hawa idan iska ta taso gaban hadari. Ba a hawa da tsakar ranar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tol ya zama kasko. Mai azumi da la'asar, mai hawan jini, mai shan maganin da ke sa barci, da dattijon da jiri ke ɗiba, duk su bar wa wani.

A Faransa wata doka ta 1 ga Satumba 2004 ta hana a mai da tsani wurin tsayawa a yi aiki, sai inda babu wata hanya ko kuma aikin gajere ne marar haɗari sosai. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila tana ba da shawarar cewa aikin da zai riƙe mutum fiye da minti 30 a kan tsani a nemar masa wani abin hawa. Hikimar ɗaya ce: tsani hanya ce ta zuwa sama. Yaɓen bango guda ko fentin gida aikin dandamali ne irin na magina. Wannan ya shafi ƴan kasuwa ƙwarai, domin a mangaza yaran shago ne ke hawa da katan a kafaɗa. Maigidan da ya sayi tsani mai kyau, ya sa a riƙa miƙa kaya hannu da hannu, ya kare yaransa, ya kare hajarsa.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Abin da jama'a suka saba yi shi ne su ruga su ɗaga mutum, su zaunar da shi, su ba shi ruwa. In ƙashin wuya ko na baya ya taɓu, wannan ɗagawar ce ke iya tsinka lakar da faɗuwar ta bari, mutum ya shanye har abada. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a bar shi yadda yake, wani ya riƙe masa kai da hannu biyu, a kira ƴan kwana-kwana, wato pompiye, a lamba 18. In babu makawa sai an ɗauke shi, to a kan ƙyaure ko katako mai faɗi, mutum huɗu, kai da jiki a miƙe, ba a kan babur ba. Kada a ba shi ci ko sha, domin wataƙila za a yi masa aiki. Wanda ya bugu a kai, ko da ya tashi yana dariya, a sa masa ido kwana biyu. Amai, barci mai nauyi, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, ko jini daga kunne, duk alamu ne na a garzaya asibiti nan take. Karaya kuma a fara ɗaukar hoton ƙashi kafin a yi maganar maɗori, musamman ta ƙugu da ta diddige.

Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma bulon da aka cusa a ƙarƙashin ƙafar tsani hannun mutum ne ya sa shi. Ma'aikacin da ya karye a gidansa ranar hutu ba a lissafa abin da ya same shi a cikin haɗarin aiki, ɗan kasuwa kuma ba mai biyansa kwanakin da shagonsa ya yi a rufe. Ladan mai gyara, ko kuɗin igiya da katako guda, ba su kai kuɗin hoton ƙashi ɗaya ba. Bayan an gama aiki a kwantar da tsani a inuwa, a ɗage shi daga ƙasa, nesa da yara da kuma masu tsallaka katanga da dare. Allah ya ba da damana mai albarka, ya sa a hau lafiya a sauka lafiya.